Hunturu Biyu da 'Ya'yan Balkisu

Na sauka Landan a watan Nuwamba na shekarar 2004, sanye da atamfa da wata 'yar suwaita da na saya wajen 'yan gwanjo a kasuwar Zuru. Mai sayarwar ya rantse mini daga can ƙasar aka kawo ta. Ƙila gaskiya ya faɗa, amma iskar farko da ta buge ni ta ratsa ta kamar ba komai a jikina.

Sunana Dinatu. Ma'aikaciyar jinya ce ni, na yi shekara shida ina aiki a wani ƙaramin asibiti a gida. Mijina soja ne, ya rasu a haɗarin mota a hanyar Kontagora, ya bar ni da yara biyu: Bulus mai shekara huɗu, da Murna wadda na yaye sati uku kafin in taso. Na bar su a gidanmu na Rikoto a hannun ƙanwata Talatu, tare da tsohuwarmu da ganinta ya fara rauni. Wani mutum mai ofis a Kaduna ne ya shirya mini tafiyar. Filin da marigayi ya bari na sayar na ba shi. Ya ce aiki na jirana a asibiti, da ɗaki, har da wanda zai tarbe ni riƙe da allo mai sunana.

Ba wanda ya riƙe allo. Na zauna a kan jakata tun safe har la'asar, lambar da mutumin Kaduna ya ba ni tana ta ƙara ba a ɗauka. Wata mai shara, Bayarbiya, ta wuce ni ya fi sau biyar kafin ta tsaya ta jingina tsintsiyarta. Ta karɓi fasfona ta buɗe, ta daɗe tana kallo, ta girgiza kai. Ita ta fara gaya mini cewa takardar baƙunta ce a hannuna, ba ta aiki ba, kuma in daina kiran lambar nan.

Gidan da ta kai ni a kudancin birnin shi ne zangona na farko. Mu biyar a ɗaki ɗaya, katifa uku. Mai aikin rana ta tashi, mai dawowa ta kwanta a ɗuminta. Na samu wanke-wanke a bayan wani gidan abinci da sunan wata mata da ban taɓa gani ba. Cikin wata guda hannuwana suka tsattsage, ruwan sabulu yana shiga kamar an zuba barkono. Nonona bai gama bushewa ba a lokacin. Duk sanda na ji kukan jariri a bas, sai in ji rigata ta jiƙe, in rufe ƙirjina da jaka.

Bayan Kirsimeti wata 'yar Jos da muke haɗuwa a coci ta ji na ambaci Zuru. Ta ce akwai wasu mutanen wajenmu a garin Lids da ke neman mace mai jin Hausa ta riƙe musu yara, da ɗaki da abinci. Ban tambayi sunansu ba. Na hau bas na yi awa biyar ina kallon gonaki farare fat, ba ko akuya.

Matar da ta buɗe mini ƙofa tana riƙe da jaririya a kafaɗa. Ta dube ni, na dube ta.

"Dinatu? Dinatu ta aji biyar? Innalillahi, ke ce?"

Balkisu ce, 'yar Dirin Daji. Shekara biyar gadonmu na jere a makarantar kwana. Ita ce mai kuka duk ranar jarrabawar lissafi, ni nake zaunar da ita a bayan ɗakin kwana ina koya mata, tana biyana da ƙuli-ƙulin da innarta ke aiko mata. Ta rungume ni har jaririyar ta tsorata. Ni ma na yi murna, Allah ya sani. Amma ta kan kafaɗarta na hango farar rigar aikin jinya a rataye, an goge ta tas, da katin asibiti mai hotonta. Tun ban cire takalmi ba wani abu ya tsaya mini a ƙirji.

Mijinta likita ne, mutumin Bena, mai sanyin magana. Yaransu biyu: Faruk ɗan shekara uku, da Nana 'yar wata goma. Ba su taɓa wulaƙanta ni ba. Tare muke cin abinci, ranar Lahadi Likita da kansa yake sauke ni a coci. Da sun zage ni ko sau ɗaya, ƙila da abin ya zo mini da sauƙi.

Aikin hunturu da yara a ƙasar nan, wanda bai yi ba ba zai gane ba. Balkisu da Likita suna fita gari bai waye ba. Ni zan ta da Faruk, in yi masa wanka, in shafe shi da mai, sannan a fara ɗora kaya: singileti, riga, suwaita, wando biyu, safa biyu, babbar riga mai kauri, takalmin roba, hula, safar hannu. Sai na gama ja masa zif har wuya, na ɗaure Nana a kekenta, na buɗe ƙofa, sannan zai ɗago kai ya ce, "Anti, fitsari." A sake kwance shi kamar ana ɓare albasa. Majina ba ta ɗaukewa, in ta bar hancin wannan ta koma na waccan. Safa da huluna kullum suna shanye a kan ƙarfen ɗumama ɗaki. Ƙarfe huɗu na yamma duhu ya rufe, yara sun gaji da zaman ɗaka, Faruk yana hawa kujera yana dirowa har maƙwabta su buga bango.

Ranar da na fara tura keken Nana a kan ƙanƙarar da ta daskare, ƙafafuna suka tafi sama, na faɗi da baya, keken ya gangara shi kaɗai har ya daki shingen wata tsohuwar Baturiya. Ta fito da sanda, na ce yau kashina ya bushe. Sai ta ɗaga ni, ta duba Nana, ta koma ciki ta fito da takalman mijinta da ya mutu, masu kaushin ƙasa. Ta cusa musu jarida don sun yi mini yawa, ta kuma nuna mini yadda ake taka ƙanƙara, ƙafa a buɗe, kaɗan-kaɗan kamar agwagwa. Margaret sunanta. Har na bar unguwar, duk ranar da aka yi dusar ƙanƙara tana barbaɗa gishiri daga ƙofarta zuwa tamu.

Duk wannan wahalar jiki ce, tana wucewa. Abin da ba ya wucewa shi ne ƙarfe shida. Da an ji mabuɗi a ƙofa, Faruk zai ture tuwon da na sha wuya na lallashe shi ya fara ci, ya ruga. Nana ta bi shi da rarrafe. Balkisu ta durƙusa da rigar sanyinta, ƙanƙara na narkewa a kafaɗunta, ta cusa hancinta a wuyansu. Daga nan su huɗu su dunƙule a kan doguwar kujera cikin bargo ɗaya, Likita yana hura wa Nana yatsu, Faruk yana ba da labarin karen da muka gani. Ni ina tsaye a ƙofar kicin da cokali a hannu. Balkisu takan ce, "Taho mana, Dinatu, akwai wuri." In ce ina da tukunya a wuta. Ba tukunyar komai. Tsayawa nake ina tambayar kaina me ta fi ni da shi, yarinyar da ni na koya wa raba lamba.

Ranar Lahadi da rana nake kiran gida. A unguwarmu lokacin mutum ɗaya ke da wayar hannu, wani tsohon soja da muke kira Baba Saje. In an taso daga coci sai ya tako har gidanmu, su hau kan dutsen bayan gida inda sabis ke kamawa. Bulus yakan yi surutu, ya gaya mini an gama sussukar dawa, kaka ta gasa musu gyaɗa a bakin murhu, leɓensa ya fashe. Murna kuwa sai numfashinta nake ji, sannan ta ture wayar.

Wata Lahadi Talatu ta ce da murnarta, "Yaya, albishirinki. Murna ta fara magana. Jiya ta ce mama, sarai kowa ya ji."

Na ce, "Wa ta ce wa?"



"Yaro ne fa, Yaya. Kowa ma mama ne a wajenta."

Na san ba kowa ba ne. Daga ranar na zama mai bincike. Da wane irin ruwa kike mata wanka? Me ya sa da sassafe, cikin wannan ɗari? Kina shafa mata man kaɗanya a tafin ƙafa? Na aika mata wata jar rigar sanyi mai hula ta hannun wani ɗan Yawuri da zai je gida. Na yi sati uku ina hango ta a ciki. Da na tambaya, Talatu ta ce, "Rigar ta yi kyau, amma sai da na warware hular. Ba ta son komai ya taɓa mata kunne." Ban san ɗiyata ba ta son a taɓa mata kunne ba. Na ce wa Talatu wa ya ba ta izinin sa wa kayana almakashi, na kashe wayar.

Abin da na yi a hunturu na biyu, ban taɓa gaya wa kowa a gida ba sai yanzu.

Balkisu ta roƙe ni kada in riƙa goya Nana, don ta saba da gadonta, kada ta hana su hutawa in sun dawo aiki. Na ce to. Tana fita nake ɗaure yarinyar da zani a bayana, in yini da ita haka, ina shara, ina girki, ina yi mata waƙoƙin yarenmu da tsohuwarmu ta yi mana. Na daina ba ta abincin kwalba, na koma dama mata kunun gyaɗa ina ba ta da hannuna. In ta yi kuka ba na barin ya kai biyu. Ban ce wa kaina ga abin da nake nufi ba, amma na sani. Kafin Kirsimeti Nana ta daina rugawa ƙofa in an ji mabuɗi. Sai ta ɗago kai ta duba, ta koma wasa da gefen zanina.

Wata Asabar aka kwana ana zuba dusar ƙanƙara, gari ya waye da rana mai haske. Duka muka fita bayan gida. Likita da Faruk suna mulmula ƙanƙara suna gina mutum-mutumi, Nana tana tangaɗi cikin kayanta kamar buhun auduga. Sai ta yi tuntuɓe ta daki bakinta da matakala. Jini ya ɗiga a kan farar ƙasa. Balkisu ce kusa da ita, ta zube a gwiwa ta buɗe hannuwa tana cewa, "Zo, zo, ɗiyata." Nana ta tashi tana ihu, ta kewaye uwarta kamar an dasa itace, ta zo ta ƙanƙame ƙafata.

"Mama! Mama, goyo!"

Na ɗauke ta. Kuma daɗi na ji, wani irin daɗi mai ɗumi da ya sauka har cikina. Balkisu tana nan durƙushe, hannuwanta a buɗe, wandonta yana jiƙewa. Likita ya juya ya ci gaba da gyara wa mutum-mutumi kai, kamar bai gani ba.

Da yamma ina yanka albasa ta shigo kicin ta tura ƙofa.

"Dinatu, mi na yi maki?"

Na ce ban gane ba.

"Kin gane. Ina jin ƙanshin zaninki a jikinta kullum. Na yi shiru ne don na san abin da kika baro. Kina gani kamar na samu duniya. Da duhu nake fita, da duhu nake dawowa. Ranar da ta fara tafiya ina can ina juya wani tsoho a gado, ke kika gani. Awa biyu gare ni da ita a yini. Su ma sai kin karɓe?"

Ya kamata in ba ta haƙuri. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ke kina da awa biyu."

Ta dube ni, ta fita. Kwana uku gaisuwa kawai ke haɗa mu.

A rana ta huɗu, Laraba, wayar gidan ta yi ƙara da hantsi. Balkisu tana hutu, ita ta ɗauka ta miƙo mini. Baba Saje ne, shi da bai taɓa kira ba. Ya ce in yi haƙuri, Talatu ta hana a gaya mini, amma shi ba zai iya riƙewa ba. Murna tana asibiti kwana huɗu, sanyi ya shiga ƙirjinta, numfashi da ƙyar. Ya miƙa wa Talatu.

Ban tambayi jikin yarinyar ba. Ihu na fara. Na ce na sha gaya mata wankan sassafe, na ce ita ta cire hular, na ce don ba ita ta haifa ba shi ya sa. Ta bar ni har na gaji.

"Kin gama, Yaya?" Ban taɓa jin muryarta haka ba. "Kwana huɗu a zaune nake, don in na kwantar da ita ba ta iya numfashi sai a ƙirjina. Mutanen Yohanna, wanda zan aura, sun zo daga Kanya sau biyu kan maganar ranar aure, na ce su dakata, yaran Yaya ba su da kowa. Ban taɓa gaya miki ba. In kin fi ni iyawa, ga hanya nan, zo ki karɓi abinki."

A bayan muryarta na ji tari, da wata 'yar murya a shaƙe tana kiran mama. Talatu ta amsa mata, "Ga ni, ga ni."

Na zauna a ƙasa. Balkisu ta zare wayar daga hannuna. Ta tambayi Talatu numfashi nawa yarinyar ke yi, ko haƙarƙarinta na lotsawa, wace allura ake mata. Ta rubuta, ta kira mijinta a wurin aiki, shi kuma ya nemi likitan da ke duba Murna suka yi magana. Aka canja magani a ranar. Balkisu ta dawo ta zauna kusa da ni a ƙasan, ta ɗauko Nana ta ɗora mini a cinya. A nan na ba ta haƙuri, ina kuka kamar ƙaramar yarinya.

Murna ta tashi. Ranar da aka sallame su na ce wa mutanen gidan zan koma. Likita ya ce in yi tunani, takardata ta daɗe da mutuwa, in na fita ba za a sake barina in shigo ba. Na ce na sani. Na ƙara sati uku, na kwance goyo, na riƙa tura Nana ƙofa in an ji mabuɗi. Ranar tafiya Balkisu ta kai ni tashar bas da yaran a bayan mota. Nana ta yi ta miƙo hannu ta taga. Ban waiwaya ba, don na san in na waiwaya zan so ta ƙara kuka.

Na iso Zuru da la'asar a ƙarshen Fabrairu, sanyi ya fara sakin gari. Bulus ya gane ni tun daga bakin hanya, ya rugo ya kusa kayar da ni. Tsohuwarmu ta shafa fuskata da hannu biyu tana sa albarka da yarenmu. Talatu ta fito daga ɗaki, ta rame, wata doguwar yarinya mai manyan idanu tana riƙe da zaninta ta baya.

"Murna, je ki gaida mamanki."

Yarinyar ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ɗaga kai ta dubi Talatu, ta ƙara matse zanin.

"Ai ga Mama nan."

Washegari na riga kowa tashi. Na hura wuta, na ɗora ruwa, na jira rana ta fito, na surka shi daidai. Ina cire mata riga ta fara ihu kamar ana yanka ta. Talatu tana tsaye a bakin ƙofa ta harɗe hannuwa a ƙirji, tana cije leɓe, ta hana kanta matsowa. Can ta ce a hankali, "Daga ƙafa ake fara mata, Yaya. Kai ne ƙarshe." Na so in ce ni na haife ta. Na haɗiye, na fara daga ƙafa.

Bayan Ista aka yi auren Talatu. Da motar amarya ta tashi zuwa Kanya, Murna ta ƙwace ta bi ta da gudu har bakin titi. Na kamo ta, ta gartsa mini cizo a hannu har jini ya fito. Sati biyu tana zama a ƙofar gida da takalminta a hannu. Na koma aikina na da a ƙaramin asibitin. Sai da aka yi damina biyu kafin ta kira ni mama ba tare da wani ya sa ta ba, kuma ko a ranar, ruwa take so in miƙo mata.

Yanzu Murna ta girma, tana jami'a. Muna zaman lafiya, tana girmama ni, in ta zo hutu ba ta barina in taɓa tsintsiya. Amma in ta ci jarrabawa, ko wani saurayi ya ɓata mata rai, Kanya take fara kira. Sai ta shige ɗaki ta tura ƙofa, in riƙa jin dariyarta tana tashi tana sauka, irin dariyar da ba ta yi da ni. Talatu ta cancanta, na sani, na kuma sha faɗa a gaban mutane. Duk da haka, in suna wayar nan, rage muryar rediyo nake yi, in matsa da kujerata kusa da ƙofar.